Yadda za ka nazarci abokan gasarka a waya, sannan ka sa gari ya riƙa maganar shagonka

A Garwa, Marwa, Ngaundare da Kusiri, a arewacin Kamaru, ciniki ya daɗe da shiga waya. Mai turaren wuta, tela, mai kilishi, mai gyaran waya, mai kawo atamfa daga Kano, kowa yana da lambar WhatsApp, da yawa kuma sun buɗe shafi a Facebook ko TikTok. Sai dai tallan duk ya koma iri ɗaya: a shimfiɗa kaya a kan tabarma, a ɗau hoto, a rubuta "disponible", wato akwai kaya, a ƙasa, a sa lamba. Mai saye zai wuce goma irin wannan kafin shayinsa ya huce, bai riƙe sunan ko ɗaya ba.

Aiki biyu ne ke fitar da shago daga wannan cunkoso, kuma ɗaya yana gaba da ɗaya. Da farko ka san abin da masu saye ke kuka da shi a wajen waɗanda kuke sana'a ɗaya da su. Bayan nan ka yi wani abu a zahiri, a cikin gari, wanda ya share wannan kukan, har mutane su ɗauki labarin da bakinsu. Wannan na biyun shi ake kira hulɗa da jama'a, kuma bambancinsa da talla a fili yake: a talla kai ke yabon kanka da kuɗinka, a nan kuwa wasu ne ke faɗin alherinka. Bahaushe ya riga ya ce yabon kai jahilci.

Su wa za ka sa wa ido

Biyar sun isa. Wanda ya ɗebo ashirin ba zai kai mako yana binsu ba. Ka zaɓi uku da ke sayar da irin kayanka a garinku, ɗaya da ke aiko da kaya daga nesa, misali daga Kano, Duwala ko Injamena, sai ɗaya da sana'arsa ta bambanta da taka amma masu sayenku ɗaya ne. Mai sayar da turaren wuta za ta koyi abu da yawa a shafin mai lalle ko mai kayan ɗakin amare, domin amarya ɗaya suke nema.

Kada ka zaɓe su da zato. Ka tambayi mutum goma na ƙarshe da suka yi ciniki da kai: "Hajiya, da ba ki samu a nan ba, wajen wa za ki je?" Sunan da ya fito sau uku shi ne abokin gasarka na gaske, kuma sau da yawa ba shi ne wanda kake jin haushinsa a kasuwa ba.

Wajen bincike a Facebook da TikTok, ka tuna yankinmu ba da harshe ɗaya ake ciniki ba. Ka rubuta sunan kayan da Faransanci, da Hausa, da Fulatanci, a Kusiri da Injamena ka ƙara da Larabci, kowanne ka haɗa shi da sunan gari. Rubutun ma yana da rassa: wani zai rubuta kilishi, wani "kilichi". In ka tsaya a kan guda, rabin kasuwar ta ɓuya maka.

Littafin kwana 14

Sayi ƙaramin littafi na 'yan makaranta, ka ba kowane abokin gasa shafi biyu. Kullum ka ware minti 20 a lokaci guda, bayan isha'i ya fi, har kwana 14. A kan kowane abu da ya wallafa ka rubuta abu shida: rana da sa'a, ko hoto ne ko bidiyo ko kai tsaye, harshen da ya yi amfani da shi, ko ya sa farashi, mutum nawa suka tambayi kuɗin kaya ko inda shago yake, da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya amsa musu.

Na biyar ɗin nan shi ne zuciyar littafin. Danna alamar so ba ya cin ko dala, 'yan'uwa da abokai ma suna yi don kara. Amma wanda ya rubuta "nawa ne?" ko "kuna aikawa Mokolo?" ya sa hannu a aljihu. Bidiyon da ya tara alamar so 400 ba wanda ya tambayi farashi, nishaɗi ne. Hoton da ya tara 30, mutum 9 suka tambaya, shi ne kasuwa.

Yawan mabiya ma yana ruɗar mutane, ana yi wa rogo kallon kitse. Ga yadda za ka auna: ɗauki abubuwa 10 na ƙarshe da ya wallafa, haɗa alamar so da sharhi da turawa, raba gida 10, sannan ka raba da yawan mabiyansa, ka ninka sau 100. A ce shago yana da mabiya 20,000 amma matsakaicin motsinsa 60 ne, ya tashi 0.3 cikin ɗari. Wani mai mabiya 1,500 yana samun 90, ya tashi 6 cikin ɗari. Na biyun shi ya kamata ya hana ka barci. Idan ka buɗe jerin masu sharhi a shafin na farko ka ga sunaye daga ƙasashen da ba su san hanyar Garwa ba, suna zuba alamar wuta da fure ba magana, to sayen mabiya aka yi, ka daina ɓata lokaci a kansa.

Ƙofofi biyu da Facebook ya bari a buɗe

Da yawa ba su san da su ba, alhali kyauta ne. Ta farko tana cikin bayanan kowane shafi, a wayar da ke Faransanci an rubuta "Transparence de la Page". Can za ka ga ranar da aka buɗe shafin, ko an taɓa canza masa suna, da ko yana biyan talla a yanzu. Shafin da ya fara da sunan barkwanci ko na ƙwallo, daga baya ya koma na sayar da takalma, mabiyansa ba don takalma suka zo ba.

Ta biyu ita ce rumbun tallace-tallace na Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, Instagram da WhatsApp, wato "Bibliothèque publicitaire". Tun 2019 yake nuna duk tallan kuɗi da ke gudana. Ka shiga facebook.com/ads/library, zaɓi Kamaru ko Chadi, zaɓi dukkan tallace-tallace, sannan ka rubuta sunan shafin ko sunan kaya. Zai nuna maka hoton, rubutun, da ranar da tallan ya fara. Ba zai faɗa maka nawa aka kashe ba, amma ranar farawar ta ishe ka. Ɗan kasuwa ba ya ci gaba da biyan tallan da ba ya kawo kuɗi, don haka tallan da ya yi wata biyu yana tafiya, akwai abin da yake ja. Ka duba me ya yi alkawari a layin farko, da harshen da aka yi shi. Idan ka bincika ba ka ga komai ba, wannan ma amsa ce: ba wanda ke biyan talla a sana'arku, kuma filin a buɗe yake.

Abin da ba a gani daga waje

Gaskiyar cinikin arewa a sitatus na WhatsApp take, da zaurukan adashi, na unguwa da na 'yan'uwa, kuma babu wani bincike da zai kai ka can. Sitatus ba ya bayyana sai kai da mai shi kowa ya ajiye lambar ɗan'uwansa, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Hanya mafi tsafta ita ce ka zama mai saye na gaske. Ka ware kamar sefa 15,000 ka sayi ƙaramin abu a wajen uku daga cikinsu, ko ka aiki ƙaninka. Ka rubuta minti nawa aka yi kafin a amsa sallama, ko farashin da aka faɗa a waya shi aka karɓa, wa ya biya mai moto, ko an ɗora maka kuɗin cirewa na Orange Money ko MoMo a kan farashi, yadda aka ƙulla kayan, da ko an sake tuntuɓarka bayan kwana biyu.

Akwai iyaka a nan. Sayen gaske halal ne, ko a kasuwa ma kowa na taya kayan maƙwabcinsa. Amma yin odar ƙarya don ka wahalar da mutum, shiga zaurensa da sunan bogi ka kwashe lambobin masu sayensa, ko ɗaukar hoton kayansa ka sa a naka, duk cin amana ne, kuma garuruwanmu ƙanana ne. Ranar da aka gano, a ɗaurin aure za a yi zancen.

Tattara kukan masu saye

Bayan kwana 14 ka koma sharhin da ke ƙarƙashin abubuwan da suka wallafa, har na wata uku baya, ka kwafe duk wani ƙorafi da duk tambayar da ba a amsa ba, da kalmomin mai maganar. Kada ka gyara musu Hausa ko Faransanci, domin da waɗannan kalmomin za ka yi magana da su gobe. Sai ka kasa su kashi-kashi. Yawanci ba sa wuce waɗannan: ba a sa farashi sai an ce "zo inbox", kayan da aka kawo ba su ne na hoto ba, an saɓa ranar alkawari, an karɓi kuɗi an daina ɗaga waya, awo bai cika ba.

Kashin da ya fi tsawo, wanda kuma kai kana da ƙarfin gyara shi a shagonka, shi ne giɓin da za ka shiga. Sharaɗin nan na biyu ba abin wasa ba ne. Idan kai ma kana saɓa alkawari, kada ka fito ka yi shelar cika alkawari, gara ka ɗauki na biye da shi. Ɗaya tak za ka ɗauka. Shagon da ya ce shi ne mafi araha, mafi sauri, mafi kyau, mafi amana, bai ce komai ba.

Kuskuren da aka fi yi a wannan gaɓar shi ne kwaikwayo. Mutum ya ga bidiyon abokin gasa ya karɓu, sai ya yi irinsa da kiɗa iri ɗaya. Masu kallo sun riga sun san na farko, don haka naka tuna musu da shi kawai zai yi, ka yi masa talla da forfenka, wato datar da ka saya.

Mayar da giɓin abin da za a ba da labari

Dabarar ita ce alkawarin ya zama abin da ido ke gani, kuma ya faɗo a lokacin da gari ke cikin zancen. Kalandar arewa cike take da irin waɗannan ranaku: bikin matasa na 11 ga Fabrairu, ranar mata ta 8 ga Maris, zafin Maris da Afrilu, bikin ƙasa na 20 ga Mayu, azumi da salloli biyu da hawan Lamiɗo, gasar ƙwallon hutu a unguwanni, komawa makaranta a Satumba, da lokacin da kuɗin auduga ke shiga hannun manoma. Shiri yana farawa mako shida kafin ranar.

Ɗauki tela. Kowa ya san abin da ke faruwa da atamfar 8 ga Maris da ɗinkin salla: a karɓi kaya fiye da ƙarfi, daren ranar mata suna zaune a ƙofar shago. Telan da ke son a yi maganarsa sai ya yi lissafi a fili. Keke 3, kowanne kaya 2 a rana, kwanakin aiki 20, ya kama 120. Ya cire 20 saboda ɗauke wuta da gyare-gyare, ya ce 100 zai karɓa. Ya kafa allo a ƙofar shago, kullum da yamma ya goge ya rubuta adadin da ya rage, ya ɗau hoton allon ya sa a sitatus. Ya ƙara da cewa duk wadda kayanta suka wuce ranar da aka rubuta mata a takarda, rabin kuɗin ɗinki ya faɗi. Ranar da allon ya nuna sifili, ya rufe karɓa, ko da matar Lawan ce ta zo. Wannan ƙin karɓar shi ne labarin. Wadda aka mayar za ta faɗa wa mata goma, kuma baɗi ita za ta fara kawo nata.

Mai albasa da ke aika buhuna daga Marwa zuwa kudu, kukan da ake yi da sana'arsa shi ne manya a sama, ƙanana da ruɓaɓɓu a ƙasa. Sai ya sa wani daga cikin 'yan kallo ya nuna buhun da ya ga dama, a zazzage shi a kan tabarma har gindi, ana ɗauka da waya ba tare da yanke bidiyon ba. Rashin yankewar shi ne hujjar, gani ya kori ji. Mai kilishi a Ngaundare, wanda yawancin masu sayensa matafiya ne da ke jiran jirgin ƙasa na Yawunde, zai iya ajiye sikeli a gaban tebur ya ce mai saye ya auna da hannunsa. Mai gyaran waya, da ake zargin 'yan sana'arsa da musanya kayan ciki, ya riƙa mayar wa kowa tsohon abin da ya cire a cikin 'yar leda, ya kuma ware safiyar Asabar ɗaya a wata yana share ramin caji kyauta a bakin kasuwa.

Akwai kuma aikin alheri da ke da alaƙa da sana'a. Randa biyu ta ruwan sanyi a tashar masu moto cikin zafin Afrilu, a cika su sau biyu a rana har wata guda, ba za ta ci kuɗin tallan mako ɗaya ba, kuma masu moto su ne rediyon gari, kowa suka ɗauko sai sun yi hira. Mai sayar da littattafai ya ɗauki nauyin ƙwallo da kofin gasar hutu ta unguwa, ranar wasan ƙarshe ta faɗo daf da komawa makaranta, iyaye na tsaye a bakin fili. Amma a nan ake zamewa. Kada ka jera mabuƙata ko almajirai ka ɗau hoton fuskarsu suna karɓar abu. Mutanenmu suna ganin wannan tozarci ne da riya, kuma sharhin da zai biyo baya zai cinye ladan da sunan gaba ɗaya. Ka ɗau hoton randar, ka bar masu sha.

Kafin duk wani abu da zai tara jama'a, ka fara gaida Jauro ko Lawan na unguwa ka faɗa masa. Idan taron zai fita fili ko bakin titi, a sanar da ofishin su-firefe, wato jami'in mulki na yankin, tun da sauran kwanaki, allon talla ko ƙyalle a kan hanya kuma a tambayi ofishin magajin gari abin da ake biya. Gasa ta kyauta tana jan mutane, sai dai kada shiga ta zama sai an biya ko an sayi tikiti, domin ta koma caca a idon malamai, kuma tambola, wato gasar jan tikiti, tana buƙatar izinin hukuma. Tambayar da mai amsa daidai zai ci, a fitar da wanda ya yi nasara kai tsaye a gaban kowa, ta fi tsafta. Gasar "ka kira abokai 10" kuwa mafarautan kyauta take tarawa, ana gama rabo su watse.

Wa zai ɗauki labarin

Abin da ka yi ba zai yaɗu da kansa ba sai ka miƙa shi ga masu baki. Ka rubuta mutum kamar 10: masu gabatar da shiri da Fulatanci ko Hausa a gidajen rediyon gari, masu riƙe da shafukan labaran gari a Facebook, wakilan jaridun da ke bin arewa irin su L'Œil du Sahel, shugabar adashi mai mata da yawa, shugaban masu moto na tashar kusa da kai. Kowanne ka bi abin da yake yi na mako biyu kafin ka tuntuɓe shi, don ka san irin labarin da yake ɗauka.

Saƙon ya zama gajere, ya ƙunshi me za a yi, ina, yaushe, da abin da jama'a za su amfana. Misali: "Salamu alaikum Malam, barka da aiki. Ranar Asabar da ƙarfe 9, a bakin babbar kasuwa, za mu share wa mutane ramin cajin waya kyauta, mu kuma nuna musu yadda ake gane caja ta jabu. Mun ga kana yawan kawo abin da ya shafi 'yan kasuwa, shi ya sa muka ce mu sanar da kai. In hali ya yi ka leƙo." Ka tura kwana 4 kafin ranar, ka tuna masa sau ɗaya ana gobe, ka tsaya nan. Idan bai zo ba, ka aika masa hoto 3 da bidiyo ɗaya da bai kai daƙiƙa 30 ba, marar nauyi, domin ba kowa ke da forfen sauke babban bidiyo ba. Wasu za su ce sai an biya. Ba laifi, amma ka sani talla ka saya, ka nemi a faɗi ranar fita da sau nawa.

'Yan TikTok ma da ma'aunin nan na baya za ka auna su. Ka ce ya nuna maka, a wayarsa, garuruwa ko ƙasashen da masu kallonsa suke, domin manhajar tana nuna wa mai shafi wannan. Ɗan barkwancin da yawancin masu kallonsa ke Najeriya ba zai sayar maka da katifa a Gidar ba. Matar da ke da mabiya 3,000 a garinku, wadda mata ke tambayarta inda ta sayi mayafinta, ta fi shi amfani nesa ba kusa ba. A rubuta yarjejeniya ko da a saƙo ne: bidiyo nawa, wace rana, kwana nawa zai zauna ba a goge ba, rabin kuɗi kafin aiki, rabi bayan ya fita. Ka kuma duba abin da ya saba wallafawa, kada sunan shagonka ya fito tsakanin zagi da rawar da za ta kori iyayen gida.

Shaidar mai saye ta fi duk waɗannan nauyi, musamman saƙon murya, tunda ba kowa ke karatu ba. Amma sai da izini, kuma a faɗi inda za a sa: "Hajiya, muryar nan da kika turo ta yi mana daɗi ƙwarai. Kin yarda mu sa a sitatus, ba suna ba lamba?" In ta ce sai ta tambayi maigida, ka jira. In ta ƙi, magana ta ƙare. Hoton hira kuma a rufe lamba da hoton fuska kafin ya fita.

Yadda za ka san ko ya yi aiki

Kafin ka saki komai, gyara gidanka. A WhatsApp Business ka cika kundin kaya da farashi, ka shirya amsoshin gaggawa na tambayoyi biyar da aka fi yi, ka sa wanda zai riƙe wayar ranar. Ba abin da ya fi ciwo kamar labari ya fita, saƙo 40 su shigo, a amsa su washegari.

Kowace hanya ka ba ta alamarta. Mahaɗin wa.me/237 a Kamaru ko wa.me/235 a Chadi, a biyo da lambarka ba tazara, yana kai mutum kai tsaye cikin hirarka, kuma ana iya haɗa masa rubutun da zai fito da kansa. Ka ba ɗan TikTok mahaɗi mai kalma ɗaya, mai shafin labarai mai wata kalmar, a rediyo kuma a ce duk wanda ya zo ya ambaci "randa" za a rage masa sefa 200. Wanda ya zo ba alama, a tambaye shi a ina ya ji. Sai ka liƙa wa kowace hira lakabin hanyar da ta zo.

Bayan mako biyu ka zauna da alƙalami. A ce ka kashe sefa 30,000, mutum 24 suka yi magana, 10 suka saya. Kowane mai saye ya tsaya maka a kan 3,000. Idan ribarka a kan ciniki ɗaya 2,000 ce, ka faɗi a zagayen farko, sai in kayanka irin waɗanda ake dawowa ne, kamar turare ko abinci, inda mutum ɗaya zai saya sau biyar a shekara. Hanyar da ta kawo masu tambaya ba masu saye ba, ka duba ko farashi ne bai fito ba tun farko. Maɓallin "Booster la publication" na Facebook kuwa, wanda ake biya don a yaɗa abin da ka wallafa, kada ka taɓa shi sai a kan abin da ya riga ya jawo tambayar farashi da kansa, ka kuma taƙaita shi ga garinku da kewaye. In ka bar shi a kan Kamaru gaba ɗaya, kuɗinka zai ƙare a Duwala da Yawunde, inda jama'a suka fi yawa.

In abu ya ɓaci

Wanda ya yi suna, ƙorafi ma zai same shi a bainar jama'a. Kada ka goge sharhin, domin mai shi ya riga ya ɗau hotonsa, kuma gogewar za ta zama labari na biyu. Ka amsa a wurin cikin awa ɗaya ko biyu, layi biyu kawai: "Alhaji, ka yi haƙuri, laifinmu ne. Ga shi muna kiranka yanzu mu gyara." Sauran maganar a waya. In an daidaita, ka roƙe shi ya koma ya rubuta cewa an warware. Zagi tsagwaronsa ko batsa, wannan a ɓoye shi. Idan abokin gasa ne ya yi maka habaici, ka ƙyale, kada ka kira sunan shagonsa ko ka sa hoton kayansa kana kushewa. Ban da zubar da girma, ɓata suna laifi ne a dokar Kamaru, kuma tun 2010 akwai dokar laifukan intanet da ta shafi abin da ake wallafawa.

Sai tsaron abin da ka tara. Daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 an toshe kafafen sada zumunta a Chadi, wata 16, kuma wanda duk kasuwarsa ke cikin shafi ɗaya ya ji a jikinsa. Shafi ma ana rufe shi, waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace asusu. Saboda haka duk mai saye ka rubuta sunansa, lambarsa, unguwarsa da abin da ya saya a littafi na takarda, ka roƙe shi ya ajiye lambarka, domin jerin aika saƙo na WhatsApp, mai ɗaukar mutum 256, ba ya isa sai ga wanda ya ajiye ta. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da Facebook yau, ka sa mutum na biyu da ka amince da shi a cikin masu kula da shafin. Lambobi 6 da ke shigowa ta saƙo kuwa ba a karanta wa kowa su, ko da mai kiran ya ce daga kamfani yake, ko ya ce kuskure ya yi ya turo maka.

Littafin kwana 14 kuma a sake buɗe shi duk wata uku, da kuma mako shida kafin kowace salla, a cire wanda ya daina motsi a cikin biyar ɗin, a sa sabon sunan da masu saye suka fara ambata.